Kyanwar Lami: Yarda Ta Yi ko Saduda?

Idan Bahaushe ya so kwatanta mutumin da ba shi da cutarwa, wanda za a taka a wuce bai ɗaga kai ba, sai ya ce kyanwar Lami ce, ba ta cizo ba ta yaƙushi. Wani zubin yabo ake nufi, wani zubin reni, kuma sau da yawa mai faɗar maganar shi kansa bai tantance wanne yake nufi ba. Abin da karin maganar ba ta gaya mana ba shi ne yadda Lami ta yi da kyanwarta har ta kai ga wannan hali. Shin zama ta yi ta sabar da ita sannu a hankali, har dabbar ta daina ganin dalilin fid da akaifa? Ko kuwa matse ta ta yi ta yi, da duka da tsawa, har ta gane cizon ba ya fisshe ta, ta haƙura? Hanyoyin nan biyu duka suna iya kai mu ga kyanwa kwance shiru a cinya ana taje mata gashi, kuma mai leƙe daga bakin ƙofa ba zai bambance su ba. A ganina nauyin maganar duka yana cikin wannan bambanci da ido ba ya gani.

Mai karatu na iya cewa wannan damuwar masu ƙoshi ce, ta Turawan da ke saya wa mage sabulu da gado. To, ni daga Cibarakaten tambayar ta zo mini, wurin da ake rubutawa Tchibarakaten da Faransanci, kuma babu wanda zai kira shi garin masu ƙoshi. Mahaƙar zinariya ce a can arewa, daf da iyakar Aljeriya, ɗaruruwan kilomita daga Arlit. An gano zinariyar a 2014, shekarar da aka gano ta Jado, kuma da gwamnati ta rufe Jado a 2017 mahaƙa da yawa can suka karkata. Babu gona, babu gulbi. Ruwa da motocin tanki ake kai shi, a sayar bido-bido. Inda duk aka jibge buhunan shinkafa da taliya da gari kuwa, ɓera ba ya jiran gayyata, cikin kayan ma yake zuwa. Wani tsohon ɗalibina da ya bar lakwal a aji na uku na kwaleji, wanda ke riƙe da rumfar kayan masarufi a can, ya ɗauki ƴar kyanwa daga Arlit cikin kwali don ta tsare masa buhuna. Da ƙura ta kama mata ido, kwantsa ta like shi, ya so ya goge mata sai ta tsaga masa hannu. Maƙwabtansa suka ba shi shawarar da kowa ya sani: a cusa ta cikin buhu a bar kai waje, ko a damƙi fatar ƙeyarta a danne. Ya yi haka sau uku, idon ya warke. Da ya zo hutu ya biyo gaishe ni, ga abin da ya ce:

"Mushe, a karo na uku ko motsi ba ta yi ba. Ta daina yaƙushina, amma kuma ta daina zuwa wurina. In na shigo rumfa sai ta haye can saman buhuna ta zura mini ido."

Yaron nan bai karanci falsafa ba, amma ya ɗora yatsa a kan wurin da ke ciwo. Ya samu abin da ya nema, wato jikin da ba ya gardama, ya kuma ji a ransa cewa ya yi hasarar wani abu da bai san sunansa ba.

Aikina koyar da harsuna biyu ne, saboda haka a yi mini uzuri in na fara neman sunan a cikin kalmomi. Bafaranshe yana da fi'ili uku a inda mu kan yi amfani da ɗaya. Yana da dompter, wato a karya dabba a murƙushe ta, kamar yadda ake yi wa zaki a gidan wasa. Yana da dresser, a koya mata aiki ta bi umurni, kamar doki ko karen farauta. Sannan yana da apprivoiser, a ja ta a jiki har tsoro ya fita daga tsakani. Ita ce kalmar da yanyawa ta yi wa yaro dogon bayani a kanta cikin Le Petit Prince na Saint-Exupéry, wanda ya fito a 1943, littafin da ɗalibanmu da yawa suka karanta ba tare da sun lura cewa a Sahararmu aka kafa labarin ba. Mu kuwa muna cewa horo. Horo shi ne koyarwa, horo kuma shi ne hukunci: an ba sojoji horo, an yi wa ɓarawo horo. Harshe ba ya haɗa ma'anoni biyu a kalma guda don banza; yana faɗa mana ne yadda magabata suka ɗauki lamarin, cewa koyarwa da azaba tagwaye ne. Amma Hausa ba ta talauce ba, tana da sabo, tana da lallashi, tana da jan hankali. Wanda ya ce zai hori kyanwa ya riga ya ɓata tun a bakinsa. Kyanwa sabar da ita ake yi.

Dalilin haka yana cikin tarihinta. Kare da doki da raƙumi dabbobin garke ne, sun san shugaba tun a daji, mutum ya zo ya hau kujerar shugaban. Kakar kyanwarmu ita ce kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda har yau ake samu a Sahel, mai farauta ita kaɗai, ba ta da jagora ba ta bin kowa. Da mutane suka fara tara hatsi ɓera ya biyo rumbu, ita kuma ta biyo ɓera. A 2004 masu binciken tarihi na Faransa suka sanar da gano wani kabari a tsibirin Kubrus mai kimanin shekara 9,500, an binne mutum da kyanwa kusa da shi. Tun wancan zamani zaman nata da mu zaman maƙwabtaka ne, ita ta kawo kanta. Dabbar da ta zo da ƙafarta haka, idan abu ya tsorata ta, dabararta ta farko gudu ce. In an toshe hanya sai yaƙushi. In yaƙushin bai yi ba sai ta sandare. Wannan sandarewar ce muke kira ladabi.

Masana halayya sun daɗe da sanin abin. A 1967 Martin Seligman da Steven Maier, a jami'ar Pensilbaniya ta Amurka, sun yi wani gwaji mai ban tausayi da karnuka: aka riƙa jona musu lantarki ta yadda ba su da hanyar tsira, daga baya aka sa su inda tsallake ɗan ƙaramin shinge kawai zai cece su, sai aka ga da yawansu sun kwanta suna kuka ba su ko gwada ba. A 2016 mutanen biyu suka sake duba aikinsu da hasken binciken ƙwaƙwalwa, suka gyara bayanin ta wata fuska da ta fi jan hankalina. Suka ce sandarewa a gaban wahalar da ta daɗe ba koyonta ake ba, tana nan a jiki tun asali. Abin da ake koyo shi ne sanin cewa motsina yana iya canza abin da ke faruwa da ni. Idan haka ne, duk mai son kyanwa ta karɓi hannunsa da gaske, abu guda ya wajaba ya koya mata: cewa in ta ce a bari, za a bari.

A aikace abin ba shi da wuya, haƙuri kawai yake ci. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa, kamar yadda binciken Eileen Karsh ya nuna a shekarun 1980: ƴar kyanwar da hannaye daban-daban suka ɗauka a hankali na ƴan mintoci kullum a wannan tsakani, tana gefen uwarta, takan tashi ba ta tsoron mutum. Wadda ta wuce wannan shekaru ma tana sabuwa, sai dai tafiyar ta fi tsawo. Mutum ya zauna ƙasa, kada ya tsaya a kanta kamar shaho. Ya miƙa yatsa daidai hancinta ya jira. In ta matso ta goga kuncinta, ta ba da izini. Sai a shafa kuncin da ƙarƙashin haɓa da gindin kunne, inda ita da ƴan'uwanta ke gogar juna, a ƙirga uku a ɗauke hannu. Ɗauke hannun nan shi ne tambayar. In ta sake turo kai, a ci gaba. In ta kau da fuska, an gama na yau. Ciki da gindin wutsiya a bar su, mafi yawansu ba sa so, kuma kyanwar da ta yi rigingine ta nuna ciki amincewa take nunawa, ba ta ce a taɓa ba. Tana magana tun kafin ta kai ga akaifa: wutsiya na bugun ƙasa, kunnuwa sun kwanta baya, fatar gadon baya na rawa, ƙwayar ido ta buɗe. Wanda aka yaƙusa galibi an gargaɗe shi sau uku bai ji ba. Ko gurnanin nan nata mai taushi ba hujja ba ce kullum, don takan yi shi kuma a cikin ciwo.

Mataji ma haka ake gabatar da shi. Yau a ajiye shi kusa da ita ta sunsuna. Gobe a taɓa kunci da shi sau ɗaya, a ba ta ɗan gutsuren kifin gwangwani ko dafaffen nama marar yaji (ban da kilishi, don albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini). Jibi sau biyu. Dungu a riƙe shi na daƙiƙa ɗaya a saki, a ba da lada, kafin wata rana a kai ga duba tsakanin yatsu ko cire ƙaya. A bar hanyar fita a buɗe koyaushe. Wani bincike na jami'ar Sussex a Ingila, a 2020, ya nuna cewa kyanwa ta fi kusantar mutumin da ya lumshe mata ido a hankali bisa ga wanda bai nuna komai a fuskarsa ba. Tsofaffin gidajenmu sun san wannan ba tare da jami'a ba. Wanka da ruwa kuwa ba ta cika bukatarsa ba, harshenta mataji ne mai ɗaruruwan ƴan ƙayoyi. To amma a nan ƙasarmu ta sha bamban da ta masu rubuta littattafan kiwon mage. Duk abin da ya sauka a gashin kyanwa, cikinta zai tafi. A wuraren da ake niƙa dutsen zinariya a wanke da zaiba, da garuruwa kamar Arlit da Akokan inda batun ƙura mai tururin uraniyom ya sa ƙungiyar Aghirin'man da cibiyar CRIIRAD suka yi awo a 2003, Greenpeace kuma a 2009, goge jikinta da ɗanyen tsumma ya wuce kwalliya. Kofi guda na ruwa ya isa, ko da a inda ruwa ke da tsada.

Yanzu bari in ba mai suka haƙƙinsa, domin yana da magana mai ƙarfi. Zai ce: Malam, kai ma yaudarar kanka kake. Kifin a hannunka yake, ruwan a hannunka yake, kai ka tsara wasan tun daga farko har ƙarshe. Mai buhu ya karya ta da ƙarfi, kai ka saye ta da loma. Wanne ne yarda a ciki? Bahaushe ya ce sabo turken wawa. Étienne de La Boétie, abokin Montaigne, ya rubuta a ƙarni na 16 cewa sabo ne dalili na farko da ke sa mutane su zauna cikin bauta da son ransu, ya kuma kawo misalin doki da ke cizon linzami da fari, daga baya ya koma yana taƙama da kayan adonsa. Ashe lallashi ba murƙushewa ce da ta yi wanka ta sa turare ba?

Ba zan ce sukar nan ba ta da tushe ba. Tsakanin mai abinci da mai yunwa babu daidaito, kuma yardar kyanwa ba irin yardar da baligi ke bayarwa gaban shaidu ba ce. Amma akwai gwajin da ke raba hanyoyin biyu, kuma kowa na iya yinsa a tsakar gidansa: a saki dabbar a ga inda za ta nufa. Ta buhu tana hayewa sama. Wadda aka sabar tana iya tafiya, wani lokaci ma takan tafi, gobe ta dawo. Har yanzu akaifunta na nan, har yanzu tana iya cewa a'a, kuma a'ar tata tana aiki. Dokin La Boétie ya manta cewa ana cizon linzami. Kyanwar da nake magana a kanta ba ta manta komai ba, ta dai ga babu bukata yau. Wanda ke son ya ga ƙarshen ɗaya hanyar ya dubi abin da aka daɗe ana yi a Amurka, inda likitocin dabbobi kan cire wa mage akaifa ɗungurungum don kada ta yagi kujera, aikin da ke nufin guntule gaɓar ƙarshe ta kowane yatsa. Yarjejeniyar Turai kan kare dabbobin gida ta 1987 ta hana shi, jihar Niyok ma ta haramta shi a 2019. Wannan ita ce kyanwar Lami ta zahiri, ba ta yaƙushi domin ba ta da abin yi.

Ƴan'uwana malamai sun riga sun gane inda maganar ta dosa, don haka ba zan ja ta ba. Dukanmu mun san ajin da ke tsit, wanda mai duba makarantu kan yaba, kuma mun san iri biyu ne. Akwai tsit na yaran da hankalinsu ya tafi ga darasi, akwai na waɗanda suka gane tun a firamare cewa ɗaga hannu ba ya jawo komai sai bulala ko dariya. Iyayenmu da suka rataya symbole a wuya saboda sun yi Hausa ko Tamashek a farfajiyar lakwal sun iya Faransanci, ba shakka. Da yawansu kuma har suka tsufa ba su daina jin faɗuwar gaba ba in za su yi magana gaban babba. Yaro ba mage ba ne, yana da hankali da harshe da gobe, kuma akwai abin da dole a tilasta masa. Amma idan muna iya gane sandarewa a jikin dabba, ba mu da uzurin kiranta tarbiyya a jikin ɗan mutum.

Tilas ɗin ma tana da gurbinta, ba na musu. Kyanwar da ta ji rauni, ko ƙaya ta shige ta, ko ido ya rufe, ba za a jira mako uku ana lallashi ba. A nan ɗalibina bai yi laifi da ya yi maganin idon ba. Kayan aikin ne da yawan maimaitawar suka yi ɓarna. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin mage na duniya suka sabunta a 2022 sun hana damƙar fatar ƙeya. Uwa na ɗaukar ƴaƴanta ta nan suna ƙanana, amma ga babbar kyanwa abin tsoro ne da ciwo, shirun da take yi kuwa sandarewar nan ce. Abin da ya fi shi ne a naɗe ta da tawul ko tsohon rawani, ƙafafu a ciki, a yi abin da za a yi cikin gaggawa, a sake ta, a bar ta ta ɓuya, sannan a koma ga yatsa da kifi kamar ranar farko. Tilas bashi ce, ana biyanta. Kuma kada tausayi ya zama ajali: ƙwayar parasetamol guda tana iya kashe kyanwa, maganin ƙuma na kare mai sinadarin permetirin guba ne gare ta, piya-piya kuwa ko kusa. In ta ciji mutum ko ta yaƙushe shi har jini ya fita, a wanke da ruwa da sabulu na minti 15 a nufi likita, domin ciwon haukan kare ba kare kaɗai ke ɗaukarsa ba.

Saura abu guda, wanda a wurina ya fi duka nauyi, kuma Cibarakaten ce ta fito da shi fili. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa ya ambaci laifi mai fuska biyu: ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. A Maraɗi ko Damagaram fuska ta biyu tana da ma'ana, don kyanwar da aka saki za ta haura katanga ta samu wani gida. A tsakiyar hamada, inda ruwan sha da mota yake zuwa, saki hukuncin kisa ne. Ƙofar da na ce a bari a buɗe, a can ba ta kaiwa ko'ina sai rairayi da duwatsu. Wanda ya ɗauko dabba ya kai ta inda ba za ta iya rayuwa ba sai da shi, ya kuma koya mata ta amince da hannunsa, ya ɗaure kansa da igiyar da ba ya gani. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, gaskiya ne, amma kaza tun farko an san don me ake kiwonta. Kyanwar rumfa aiki aka ɗauke ta, ta kuma yi aikin.

Garuruwan ma'adinai kuwa ba su da alkawari. Mutanen Akokan sun ga haka ranar 31 ga Maris 2021, da COMINAK ta rufe bayan ta shafe tun 1978 tana fid da uraniyom, ɗaruruwan ma'aikata suka ɗaure kaya. Mutanen Jado sun gani a 2017. Ramin zinariya ya fi wannan saurin mutuwa: jijiya ta ƙare, ko labari ya zo an samu wata a gaba, cikin kwana biyu layin rumfuna ya zama kango. Ranar tashi rana ce ta hayaniya, ana loda Hilux, direba na danna oda, kowa na lissafin kuɗin wuri, kuma kyanwar da ba a taɓa sabar da ita da ɗauka ba za ta shige ƙarƙashin tarkace ne ta ƙi fitowa, mota kuwa ba ta jira. Saboda haka kwalin da aka kawo ta ciki kada a yar da shi. A huda masa ramukan iska, a shimfiɗa tsumman da ke da ƙanshinta, a ajiye shi buɗe a lungun rumfa tun daga ranar farko, a riƙa sa mata abinci a ciki. Bayan ƴan kwanaki a rufe na minti ɗaya a buɗe, daga baya a ɗaga shi a zagaya rumfa a sauke. Hanyar komawa Arlit doguwa ce, ga zafi ga girgiza. A ɗora kwalin a inuwa, a ware mata rabin gora daga ruwan tafiya.